Ɓatan Tajuddeen na Dawaki

Tajuddeen ya bar Dawaki da safe, a farkon damina. Ya ce wa matarsa Salma zai je Zariya sayen irin masara da maganin feshi, zai dawo kafin magariba. Ta ajiye masa tuwo a rufe. Gari ya waye tuwon yana nan, wayarsa kuma a kashe.

Salma ta nufi gidan yayansa Ramalan, wanda katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ramalan shi ya riƙe Tajuddeen da ƙanwarsu Halima Sadiya tun rasuwar iyayensu, da noma da ɗan injin niƙan da yake da shi a ƙofar gida. Shi ya yi musu aure duka biyun. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya shiga abin da ba ruwansa. Ya kwantar wa Salma da hankali, ya ce wataƙila mota ce ta lalace, sannan ya kira mai shagon da Tajuddeen ya saba sayayya a wurinsa. Mai shago ya ce ai ya zo, ya sayi kayansa, ya tafi tun bayan azahar.

Ramalan ya hau babur ya shiga Rano. Ya duba asibiti, ba a kawo kowa ba. Ya kai rahoto wurin 'yan sanda, aka rubuta, aka ce ya ƙara haƙuri, ya kuma leƙa asibitocin da ke kan hanya. Wanda ya karɓi rahoton bai ko ɗago kai sosai ba, hakan kuwa ya tsaya wa Ramalan a rai. Yana fitowa ya biya rumfar Sagiru don ya sa wayarsa a caji.

Sagiru abokinsa ne tun firamare. Ya yi shekaru yana tuƙa wani babban mutum a Abuja kafin ya dawo gida ya buɗe rumfar cajin waya a bakin tasha. Rumfar ba ta rabuwa da mutane, domin Sagiru ya iya ba da labari, kuma yana da saƙonnin murya a wayarsa waɗanda yake cewa ba kowa ake tura wa ba. Abin da ya fi nanatawa shi ne, waɗanda ake gani a talabijin ba su ke mulki ba. Akwai wasu a bayansu, ba su da suna, ba su da ofis, ba a zaɓe su ba, ba kuma a sauke su. Su ke cewa a yi, su ke cewa a bari. Da can Ramalan yakan saurara ne kawai yana murmushi.

Ran nan Sagiru ya saurare shi har ya gama, sannan ya janye shi bayan rumfa.

"Ba ƙaninka ne ya yi rubutu a Fesbuk kan takin da aka karkatar ba?"

Ramalan ya ce shi ne. Makonni kaɗan kafin nan Tajuddeen ya rubuta cewa takin da aka ce an kawo wa manoma bai isa hannunsu ba, har wani ya kira shi da ɓoyayyiyar lamba ya ce ya iya bakinsa. Tajuddeen ya yi dariya a lokacin. Ramalan kuwa ya yi masa faɗa.

"To ka daina wahalar da kanka," in ji Sagiru. "Jiya da yamma an ga baƙar mota mai baƙin gilashi, ba lamba, a Kwanar Dangora. An tura wani saurayi ciki. Ina ake sauka in an taso daga Zariya za a shigo Rano?"

Ramalan ya zauna a kan wani bulo. Ya tambaya ko ya koma ya faɗa wa 'yan sanda. Sagiru ya girgiza kai, ya ce su ma umarni suke jira daga can. Ya ce maganar asibiti da suka yi masa don su kawar da hankalinsa ne. Ya ƙara da cewa wanda yake hannun mutanen nan shiru ne ke raya shi. Idan dangi suka fara yawo da hoto, suna cigiya a rediyo, sai a ga ya zama matsala, a kawar da shi. In kuwa aka yi shiru, wata rana za a sauke shi a bakin titi.

Maganar ba ta zo wa Ramalan a matsayin tatsuniya ba. Kowa a yankin ya san labarin wani saurayi a Yalwa da wasu mutane suka zo suka ɗauka a gidansa shekarun baya, aka daɗe ba a san inda yake ba, daga baya ya dawo a rame, ba ya son magana. Kuma a cikin abin da Sagiru ya faɗa akwai abu ɗaya da Ramalan yake matuƙar son ji, wato Tajuddeen yana raye.

Ya koma gida ya gaya wa Salma, ya ce kada ta faɗa wa kowa komai. In an tambaye ta, ta ce mijinta ya tafi neman kuɗi kudu.

Halima Sadiya tana aure a Unguwar Gai, ta ƙasar Kibiya, kuma a lokacin cikinta ya tsufa. Duk da haka ta sa mijinta Shamsuddeen ya kawo ta a babur a hankali. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta saurari yayanta har ƙarshe. Ba ta yi musu ba da farko. Ta tambaya kawai wa ya ga motar. Ramalan ya ce Sagiru ne ya faɗa masa. Ta ce Sagiru yana Rano, motar tana Kwanar Dangora, shi wa ya faɗa masa? Ramalan bai sani ba.

"Yaya, na Yalwa da kake magana, matarsa ta ga mutanen da idonta, maƙwabta sun fito sun gan su, an san ranar, an san kayan da suka saka. Mu fa? Ka nemo min mutum ɗaya da zai ce ya ga Tajuddeen."

Don ta bar shi ya huta, Ramalan ya bi sawun maganar. Sagiru ya ce daga mai shayi ya ji. Mai shayi ya ce wani ɗan acaɓa ne ya faɗa a teburinsa. Ramalan ya sami ɗan acaɓan a Kwanar Dangora yana jiran fasinja a ƙarƙashin bishiya. Mutumin ya ce e, ya ga baƙar mota ta tsaya, an sayi rake, ta wuce. Bai ga an ɗauki kowa ba. Abin da ya faɗa a wurin mai shayi shi ne, irin waɗannan motoci ne ake cewa suna ɗaukar mutane. Da Ramalan ya nuna masa hoton Tajuddeen a waya, ya duba da kyau ya ce bai taɓa ganinsa ba.

A kan hanyar dawowa Ramalan ya ji kamar an zare masa wani abu da yake dogare da shi. Bai wuce gida ba, ya tsaya a rumfar Sagiru. Sagiru ya yi wani guntun murmushi na tausayi, ya ce me yake tsammani? An riga an je wa ɗan acaɓan. Mutum mai iyali ba zai maimaita irin wannan magana ga baƙo ba. Ya ce wannan musun ma shi ya ƙara tabbatar masa. Sannan ya kunna masa wani saƙon murya, wani mutum da bai faɗi sunansa ba yana bayanin wani gida a daji inda ake tsare matasa masu surutu a waya. Muryar tana da nutsuwa, irin ta wanda ya san abin da yake faɗa. Ramalan ya nemi a tura masa.

Da ya kai wa Sadiya bayanin, sai ta ce:

"Da ya ce ya gani, ka ce shaida ce. Ya ce bai gani ba, ka ce shaida ce. To Yaya, me zai faɗa maka wanda zai sa ka yarda ba su ba ne?"

"Ke ba ki san ƙasar nan ba," in ji Ramalan.

"Ban ce ba sa ɗaukar mutane ba. Na ce ba mu sani ba ko sun ɗauki namu. Mu duba asibitocin Zariya. In ba ya can, me muka rasa?"

"Ransa za mu rasa."

Ya faɗe ta da ƙarfin da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce muddin shi ne babba a gidan, ba wanda zai ɗauki hoton Tajuddeen ya kai ko'ina. Salma ta fashe da kuka, ta riƙe hannun Sadiya tana roƙonta don Allah ta bari, kada ta sa a kashe mata miji.  Sadiya ta koma Unguwar Gai ranta a ɓace, kuma ba da daɗewa ba ta haihu, ta shiga wankan jego.

Damina ta yi nisa. Ramalan ya nome gonarsa da ta ƙaninsa, amma rabin hankalinsa yana rumfar Sagiru. Ya rage buɗe injin niƙa, mata suka koma kai niƙansu wata unguwa. Ya cire batirin rediyonsa, domin Sagiru ya ce duk gidajen rediyo nasu ne, abin da suke so a ji shi suke faɗa. Ya fara lura da abubuwan da da ba ya gani. In baƙuwar mota ta ratsa Dawaki, sai ya ce an zo duba ko suna surutu. In waya ta katse yana magana, sai ya ce ana saurare. Wani maƙwabcinsa da suka yi shekaru suna sallah sahu ɗaya ya tambaye shi wai wace jiha Tajuddeen ya tafi, daga ranar Ramalan ya daina amsa masa sallama da sakin fuska, ya ce wa Salma ta yi hankali da matarsa.

Akwai ranakun da shakka takan zo masa, musamman in yana gona shi kaɗai. Sai ya tuna fuskar ɗan acaɓan, wadda ba ta yi kama da ta mai jin tsoro ba. Amma in ya bi wannan tunanin, inda yake kai shi ba wurin da zai iya tsayawa ba ne, domin in Tajuddeen ba ya hannunsu, wataƙila ba ya raye. Sai ya ajiye fartanya ya kunna saƙon muryar, ya ji mutumin yana cewa ana ba su abinci, ana sakin masu haƙuri.

Salma ta rame. Kullum da yamma takan share ɗakin mijinta, ta zauna a bakin ƙofa tana sauraron ƙarar babura.

Da Sadiya ta gama wanka, dawa ta fara fitar da kai. Ba ta nemi izinin yayanta ba. Ta goya jaririyarta, ta ce wa Shamsuddeen ko ya raka ta ko ta tafi ita kaɗai. Suka shiga motar Zariya. A asibiti na farko ba wanda ya gane hoton Tajuddeen da ke wayarta. A na biyu aka yi ta tura su daga wannan ɗaki zuwa wancan, har wata ma'aikaciyar jinya mai suna Ramlatu ta karɓi wayar, ta ƙara girman hoton. Ta jawo wa Sadiya kujera ta ce ta zauna.

Ta ce a farkon damina aka kawo shi. Mota ce ta buge shi yana tsallaka babban titi a wajen gari, direban bai tsaya ba. Waɗanda suka kawo shi ba su ga waya ko wata takarda a jikinsa ba. Ya bugu a kai. Ya yi kusan wata guda a ɗakinsu, yawanci ba ya cikin hayyacinsa. Wani lokaci yakan buɗe ido, in an tambaye shi garinsu sai ya ce Dawaki. Wasu suka ɗauka dabbobin yake nufi, rikicewa ce. Ita ta ce gari ne, har ta sa aka yi tambaya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ba wanda ya san da ɓatan kowa. An kai cigiya gidan rediyo, an karanta fiye da sau ɗaya. Da ya rasu aka jira, ba wanda ya zo, sai masu aikin sa kai suka yi masa sutura tare da jama'ar masallacin unguwa. Ta nuna mata hoton da ta ɗauka yana kwance, don ko wani zai zo nema. Kansa a naɗe yake, fuskar ta kumbura, amma Sadiya ba ta buƙaci kallo na biyu ba.

Sadiya ta tambaya, da sun zo da wuri, da zai tashi?

"Wannan Allah ne ya sani, 'yar'uwa," in ji Ramlatu. "Raunin babba ne. Ba zan ce miki zai tashi ba. Amma yakan juya ido duk lokacin da aka buɗe ƙofa."

Sun iso Dawaki da la'asar. Ramalan yana zaune a ƙofar gida kusa da injin da ya yi kwanaki bai tayar ba. Sadiya ba ta yi masa wani dogon bayani ba, ta miƙa masa wayarta da hoton da Ramlatu ta tura mata. Ya duba, ya ce ba shi ba ne. Ya sake dubawa, ya ce ana iya haɗa hoto yanzu, ba abin da ba sa iyawa. Shamsuddeen ya durƙusa a gabansa ya ce masa a hankali, "Yaya, na je maƙabartar. Na ga mutumin da ya yi masa wanka. Ya faɗi tabon ƙunar da ke cinyarsa ban tambaye shi ba." Ramalan ya san tabon, domin shi ya ɗauki Tajuddeen a guje zuwa wurin mai magani ranar da kunu ya zube masa yana yaro. Ya ajiye wayar a ƙasa. Daga cikin gida aka ji kukan Salma, wadda ta tsinci maganar ta bayan katanga.

Da Sadiya ta ambaci cigiyar rediyo, Ramalan ya tashi ya shiga ɗaki, bai fito ba sai da aka kira magariba.

Aka yi zaman makoki. Mutanen da aka ce wa Tajuddeen yana kudu suka zo suna ta'aziyya, ba wanda ya tayar da maganar. Maƙwabcin nan da Ramalan ya ƙaurace wa shi ya kawo tabarmi da butoci, ya kuma ce a cikin magana, ba da wata manufa ba, shi kam ya taɓa jin wata cigiya a rediyo ta wani saurayi a Zariya, amma tun da an ce masa Tajuddeen yana kudu bai kawo komai a ransa ba.

Sagiru ma ya zo. Idanunsa sun yi ja, kuma kukansa na gaskiya ne, domin yana son Tajuddeen. Bayan an shafa fatiha ya matso kusa da Ramalan ya rage murya. Ya ce ya yi tunani a kan abin. Motar da ta buge shi ba ta tsaya ba, waya ta ɓace, takardu sun ɓace. Haka suke yi in ba sa son a ga hannunsu. Ya ce kada Ramalan ya zargi kansa, ko da ya je asibitin ba za su bari ya same shi ba.

Maganar ta shige Ramalan, ya ji wani sauƙi yana sauko masa a ƙirji. Da mutane suka ragu ya shiga cikin gida ya sami Sadiya tana shayar da jaririya a rumfa, ya maimaita mata abin da Sagiru ya ce, yana kallon ƙasa.

Ta gyara wa yarinyar kwanciya kafin ta yi magana.

"Ban san wanda ya buge shi ba, Yaya. Wataƙila direba ne da ya ji tsoro, wataƙila wani ne. Ba ni da hanyar sani, Sagiru ma ba shi da ita. Abin da na sani shi ne ya kwanta wata guda ana neman mu. Ni ma ina ciki. Na san ya kamata a je, na zauna."

 Ramalan ya zauna a kan turmi da ke kife kusa da ita.

Bai koma rumfar Sagiru ba, ko da yake ba su yi faɗa ba. In sun haɗu a kasuwar Rano sukan gaisa. Rumfar tana nan cike da mutane, kuma labarin Tajuddeen ya shiga cikin waɗanda ake bayarwa a can, an ce saurayin Dawaki ne da ya yi magana a kan taki aka bi shi har Zariya. Wani lokaci labarin yakan dawo kunnen Ramalan daga bakin wanda bai san ƙaninsa ba ne. Ba ya gyarawa. Akwai ma ranakun da shi kansa yakan wayi gari ya yarda da shi, zuwa azahar kuma ya sake shi.

Iyayen Salma suka zo daga Kibiya a kan maganar takaba. Aka tambayi liman, ya ce ana lissafawa ne daga ranar rasuwa, ba daga ranar da labari ya iso ba, don haka wani sashenta ya riga ya wuce. Salma ta ce ita ba ta yarda ba, tana so ta fara daga farko, domin duk watannin nan ba takaba take yi ba, jira take yi. Liman ya ce ba a hana ta baƙin ciki ba, amma hukuncin ke nan. Da sauran kwanakin suka cika, ƙanin mahaifinta ya zo da motar ɗaukar kaya. Ramalan ya taya su ɗora gado da kwanuka, ya ɗaure da igiya da kansa. Salma ta durƙusa ta yi masa sallama, ta ce ya yafe mata. Ya ce ba ta yi masa komai ba. Motar ta tashi, ya bi ta a ƙafa har bakin hanya, sannan ya juyo.